Takardar Inna Ta Fito Bayan Mun Rufe Ta

Zuwa ga Shugaban shirin tallafin jinya mai ɗakunan rajista a ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum.

Ranka ya daɗe, ka taɓa riƙe takarda da ɗuminta, fitowarta ke nan daga inji, da sunan mahaifiyarka a sama, a ƙasa an rubuta a gaggauta kai ta asibiti, alhali kai da hannunka ka zuba mata ƙasa? Ni na riƙe. Ba ma guda ɗaya ba. Dalilin wasiƙar nan ke nan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na so in fara da sallama kamar yadda aka tarbiyyantar da mu, tambayar ce ta riga ta fitowa, ka yi mini afuwa. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka da ma'aikatanka, da fatan kowa na cikin ƙoshin lafiya. In mahaifiyarka na raye, Allah Ya ƙara mata kwana. In ta rasu, Allah Ya jiƙan ta, kuma ka riga ka san rabin abin da zan faɗa.

Sunana Basiru. Kabu-kabu nake yi, ƙauyenmu na can bayan Adabka. Ban zauna aji ba. A jikin allunan shaguna da bayan manyan motoci na koyi haɗa baƙi, daga baya wayar hannu ta ƙarasa ni. In ka ga kuskure a rubutuna ka tsallake shi, ba shi na zo mu gyara ba. Ban sa sunanka ba, ban sa sunan shirinku ba. Kun san kanku, mu ma mun san ku, don hotonka na nan manne a ƙofar ɗakin yana yi wa marasa lafiya murmushi.

Na farko: abin da ya kai mu ƙofarku.

Inna, mahaifiyata, ta daɗe da ciwon suga. Wajen ƙarshen damina, ana girbin gero, ta kai wa masu aiki fura gona, ta taka tushiya, ta soke ta a tafin ƙafa. Ta gasa da ruwan zafi da gishiri, ta ɗaure da tsumma, ta ci gaba da harkokinta. Inna ba ta san kwanciya ba. Sai ciwon ya ƙi kamewa, ƙafa ta kumbura, bakin ciwon ya fara sauya launi. Na ɗora ta a babur, ƙanwata Hajara ta tallabe ta daga baya, muka kai ta ɗakin shan magani na ɓangarenmu, inda ɗakin rajistarku yake a gefe.

Ma'aikaciyar jinyar wurin ta kwance tsumman, ta duba, ta ce wannan ya fi ƙarfin nan, sai babban asibiti a birni. Ta ga fuskata ta canza, ta ce kar in damu, ai Inna na da katinku. Gaskiya ne, tana da shi. Ranar da kuka zo da motoci da rumfuna da lasifika, Inna na cikin waɗanda suka yini a rana aka ɗauki hotonsu da zanen yatsa. Ta naɗe katin cikin leda ta ajiye a ƙasan kwallarta, inda take ajiye abin da ta fi so. Mai katin nan, kuka ce, jinya kyauta ce. Abu ɗaya ya rage: takardar turawa, wadda kwamfutar ɗakinku za ta fitar, mai ɗan tambarin nan na ɗigo-ɗigo da ake haskawa a teburinku na birni. In babu ita, kati leda ce kawai. Ma'aikaciyar ta ce mu shiga ɗakin gefe, aikin minti kaɗan ne.

Na biyu: injin.

Ma'aikacinku na ɗakin, Malam Bala, mutum ne mai fara'a da kunya. Ya gaida Inna har ƙasa, ya karɓi kati, ya shigar da komai. Na leƙa ta bayansa na ga hoton Inna a fuskar kwamfuta, da ɗankwalinta na zuwa suna. Ya latsa a buga. Shiru. Ya sake latsawa. Shiru. Firintar, wato injin buga takardar, na nan a kan tebur, fitilarta koriya a kunne, takarda cike da bakinta, amma kwamfuta ta rubuta cewa firinta oflayin take, wato ita dai ba ta ganin ta. Abu biyu a kan tebur ɗaya, tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba, ɗaya na rantsuwa ba ta san da zaman ɗayar ba.

Malam Bala ya ce tun kwanakin baya take haka, sabis ne, mu dawo gobe.

Ranka ya daɗe, ka san abin da kalmar nan take nufi a ƙasarmu? Mu mutanen da aka taɓa rufe wa layukan waya gaba ɗaya ne. Mu ne muke hawa tudu ko reshen bishiya don mu gaida ɗan'uwa. In aka ce mana sabis ne, ba mu musu. Kamar an ce mana hadari bai haɗu ba: sai a koma gida a jira. Ni ma ban yi musu ba. Na mayar da Inna gida a kan hanyar da kai ba za ka yarda a bi da buhun masara ba, ga laka, ga rafi, duk ramin da na faɗa sai na ji ta riƙe numfashi a bayana don kar in ji.

Washegari na koma ni kaɗai. Oflayin. Na sake komawa. Oflayin. Kasuwa ta ci, ta sake ci, ina zarya. Duk zuwan da na yi sai Malam Bala ya buɗe shafin Inna ya latsa a gabana, don in ga ba shi ya ƙi ba. Ka riƙe wannan, ranka ya daɗe, zan dawo kansa.

Ba ni kaɗai ba ne a bencin ƙofar. Akwai wani dattijo makiyayi, Baffa Dikko, da ke jiran takardar matarsa mai kumburin ciki. Shi ya riƙa ba mu dariya. Ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallon firintar, ya ce wa Malam Bala: "Malam, naggen nan taku riƙe nono ta yi. Ku nemo mata maraƙinta, za ta saki." Muka yi dariya, har Malam Bala. In na koma gida kuma, tun daga zaure Inna ke jefo mini tambaya: "Basiru, mi anka ce? Injin naku ya tashi?" In ce a'a. Ta ce: "Injin niƙan garinmu in ya ƙi, duka akai mai ya tashi. Ku dai kunya kuka ji." Tana faɗa tana dariya, Hajara na kore mata ƙuda daga ƙafa.

Na uku: abin da na karanta, da abin da aka hana.

Da na ga abin ya ƙi ƙarewa, na hau tudun bayan kasuwa inda ake samun sabis, na rubuta matsalar a wayata yadda na iya. Turancina na tsince-tsince ne, amma na gane wasu abubuwa. An ce a duba ko firinta a kunne take. A kashe ta a kunna, ita da kwamfuta. A duba igiyar da ta haɗa su, kowane baki nata. A duba ko akwai ayyukan da suka taru a layi suka toshe hanya. A duba ko kwamfutar wata firintar take nema ba wannan ba. Ban san wanne ne ciwon ba, ni ba injiniya ba ne, ban taɓa mallakar kwamfuta ba. Amma abu ɗaya ya tsaya mini: a duk abin da na karanta, in dai da igiya aka haɗa su, babu ruwan firinta da sabis.

Na sauko na karanta wa Malam Bala ɗaya bayan ɗaya. Ya saurare ni, Allah Ya saka masa. Ya kashe ya kunna. Ya ciro takardu ya kaɗa su ya mayar. Ya ciro gidan tawada ya girgiza. Ya nuna mini bayan firinta, igiya na soke daram, ta bi ta bayan tebur ta sauka ƙasa. Na ce to saura ɗaya bakin, wanda ke bayan akwatin kwamfuta a ƙarƙashin tebur, can jikin bango. Sai ya ɗaga hannu biyu. Ya ce, "Basiru, nan ne ba ni da izini."

Ya yi mini bayani, murya ƙasa-ƙasa. Ranar da kuka ɗauke shi aiki kun sa ya sa hannu cewa ba zai matsar da akwatin ba, ba zai cire komai a jikinsa ba, ba zai soka masa komai ba. Duk abin da ya lalace a hannunsa, a albashinsa za a cire. Wanda ya gada a kujerar, hakan ta kore shi: wani abu ya ƙone, aka tambayi wa ya taɓa ƙarshe, aka ce shi, shi ke nan. Malam Bala na da mata da 'ya'ya. Ya kira injiniyanku da ke birni, shi ma daga kan tudu, amsar da ya samu ita ce kar ya taɓa komai sai ya zo. Yaushe zai zo? Sai hanya ta yi kyau, sai an samu rakiya, sai an sa hannu a kan kuɗin mai.

Na ce to ni bari in leƙa, ni ba ma'aikaci ba ne, ba ni da albashin da za a yanka. Ya ce in na taɓa, shi ya taɓa. Na ɗaga murya a ranar, har maigadi ya shigo. Malam Bala bai rama ba. Idonsa ne kawai ya kawo ruwa, ya ce in yi haƙuri.

Kun gina ɗaki, kun sa sola, kun sa inji, sannan kun zaunar da mutum a gabansa kun ɗaure masa hannu. Ranka ya daɗe, mai gadin inji kuka ɗauka ko ma'aikaci?

Na huɗu: ƙofofin da na buga.

Kar wani ya ce na zauna na naɗe hannu. Ma'aikaciyar jinya ta rubuta mana takarda da hannunta ta buga hatimi. Na ba wani direba ya nuna a teburinku na birni, ya dawo mini da ita: babu tambarin ɗigo-ɗigo, ba a karɓa. Na roƙi Malam Bala ya tura mini takardar a waya in kai shago a buga, ya ce kwamfutar ba ta da wannan hanyar, kun toshe. Na ɗauki hoton fuskar kwamfutar da wayata na tafi ɗakinku na Gummi. Firintarsu lafiya lau, a gabana take ta fitar da takardun mutane, ƙararta kamar tana yi mini gwalo. Suka ce hoto ba takarda ba ne, kuma ba za su iya buɗe shafin wanda ba a wurinsu ya yi rajista ba. Na juya na nufi Anka. Ka san nisan, ka san halin da hanyar take ciki, ka san addu'ar da mutum ke yi kafin ya shiga wasu dazuzzukan. Amsa ɗaya ce: koma inda aka yi mata rajista.

Za ka ce me ya hana mu kai ta birni da kuɗinmu tun farko. Tambaya ce mai kyau, ni ma ina yi wa kaina ita kullum. Abin da muke da shi da zai ɗauki jinyar birni shi ne san huɗa, wanda da shi muke noman abin da gidan ke ci. Na kawo maganar sayar da shi, Inna ta ƙi. Ta ce: "Sunka ce kyauta, kuma sunka ce gobe. Ka sai da sa don ƙahwata, baɗi mi ƙannenka za su ci?" Da a ce tun ranar farko wani ya ce mana wannan inji ba zai tashi ba, ku nemi hanya, da ranar aka ja sa kasuwa. Ba a faɗa mana haka ba. Gobe aka riƙa ba mu. Goben nan ta fi a'a cutarwa, don a'a tana tashin mutum, gobe kuwa zaunar da shi take yi.

Ranar da zazzaɓi ya rufe ta har ta daina gane Hajara, kawuna ya ja san da kansa. Muka ɗauki shatar mota. A birni likita ya duba ƙafar, ya juyo ya dube ni, ya ce: "Me ya sa sai yanzu?" Na buɗe baki. Me zan ce masa? In ce kwamfuta ba ta ganin firinta? Na yi shiru kamar ɗan da bai damu da uwarsa ba, kuma na ga haka ya ɗauke ni. Suka yanke ƙafar. Suka yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu. Ciwon ya riga ya shiga jini. Da ta farfaɗo sau ɗaya ta gane ni, abin da ta tambaya shi ne ko an ba akuyarta ruwa. Bayan wannan ba ta sake magana ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Masu ta'aziyya sun ce kwana ya ƙare. Na yarda, ni Musulmi ne, babu mai ƙara wa wani numfashi ɗaya. Ban ce takardarku za ta hana mutuwa ba. Amma da ta tafi da ƙafarta biyu ko ɗaya, da ta samu likita tun ciwon na tafin ƙafa ko sai da ya kai gwiwa, wannan a hannun mutane yake, kuma mutane za a tambaya. Ba a kan ajali nake ƙara ba. A kan wahalar da ta sha tana jiran abin da ke gabanta nake ƙara.

Na biyar: ranar da injiniyanku ya zo.

Bayan an share makoki na koma kan babur, don gida ba zai ci hawaye ba. Ina mararraba inda muke jiran fasinja, wata mota ta sauke wani matashi mai jaka a baya da takalmi mai kyau. Ya zaɓe ni cikin 'yan kabu-kabu. Sai da muka hau hanya ya faɗi inda za shi, ya ce wai firinta ce ta ƙi aiki aka taso shi.  Ban faɗa masa ko ni wane ne ba. Mutum ne mai surutu da barkwanci, ba mugu ba. Yana ta tsokanata wai ramukan hanyarmu ma suna da ramuka a cikinsu. Ya ce ɗakuna da yawa ke kansa shi kaɗai, kuma ba ya fita sai an ba shi izini daga sama.

Da muka isa na bi shi ciki, babu wanda ya hana ni. Malam Bala ya gan ni ya sunkuyar da kai, don ya je mana gaisuwa har gida. Injiniya ya dubi fuskar kwamfuta, ya dubi firinta, ko jakarsa bai sauke ba. Ya durƙusa ya jawo akwatin daga jikin bango. A bayansa akwai 'yan kafofin da ake soka igiyoyi. Duk a cike suke da fararen igiyoyin caja. Igiyar firinta kuwa na reto a iska, ta sarƙe cikin sauran, bakinta ko taɓa akwatin bai yi ba.

Ga yadda abin yake, tunda na ga ba ka sani ba. Garin babu wuta. Solar da kuka sa, kun rufe duk wata kafar caji a ɗakin, wai don kar ma'aikata su shanye batir da wayoyinsu. Kafofin gaban akwatin ma kun liƙe su. To ma'aikata mutane ne, suna da iyali a nesa, suna son a same su. Sai suka gano bayan akwatin. Tun kafin zuwan Malam Bala igiyoyin caja ke fitowa daga ƙarƙashin teburin nan, manyansa ne ke amfani da su, shi kuma an hana shi leƙawa, balle ya tambaya. Wata rana wani ya lalubo da hannu cikin duhu, ya ga babu kafa, ya zare guda ya soka tasa. Bai san abin da ya zare ba. Ban san ko wane ne ba, kuma ba na son in sani.

Injiniya ya zare caja ɗaya, ya soka igiyar firinta. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa yana dariya, ya ce: "Haba Malam Bala! A kan wannan kuka sa na yi wasiyya na baro gida?"

Sai firintar ta yi ƙara, ta ja takarda.

Ka tuna na ce ka riƙe wani abu? Duk latsawar da Malam Bala ya yi, ashe ba ta ɓace ba. Kwamfuta ta adana su a layi, tana jiran ranar da za ta ga firinta. Yanzu ta gan ta. Ta fara fitar da su ɗaya bayan ɗaya, ba tsayawa, suna zubowa har ƙasa. Na sunkuya na ɗauki wadda ta faɗo kan ƙafata. Hoton Inna, da ɗankwalinta na zuwa suna. Sunanta. Tambarin ɗigo-ɗigo, baƙi wuluk, ya fito tsaf. A ƙasa: a gaggauta. Takardar da ɗumi, ranka ya daɗe, irin ɗumin tafin hannun mai rai. Kafin in ɗago wata ta faɗo, ita ma Inna. Sai ta matar Baffa Dikko. Sai wasu sunaye da ban sani ba. Sai Inna kuma. Duk zuwan da na yi, duk gobe da aka ba ni, ga su nan suna fitowa a jere, ko ɗaya inji bai manta ba.

Injiniya bai gane ba, ya ce mini: "To ga takardarka, har da ƙari, sai a kai ta." Malam Bala ya ce masa a hankali, ai an rufe ta. Dariyar ta mutu a fuskarsa. Ya miƙa hannu zai kashe firintar, na ce ya bar ta. Na tsaya har ta gama. Malam Bala ya kifa kai a kan tebur yana kuka kamar shi aka yi wa rasuwa. Ni ban yi kuka a nan ba. Na tattara na Inna, na jera su, na naɗe, na mayar da injiniyanku mararraba lafiya. 

Baffa Dikko ya yi gaskiya, maraƙinta take nema. Shi kuwa ban sake ganinsa a bencin ba. An ce ya ɗauke matarsa ya koma ruga. Ban san ko tana raye ba. Takardarta na nan a ɗakinku.

Abin da nake roƙo.

Kar ku taɓa Malam Bala. Na san halinku, in wasiƙar nan ta yi yawo, shi za ku fara nema, don shi ne ƙarami kuma shi ne kusa da tebur. In kun kore shi kun ƙara mini wani baƙin cikin. Dokarku ya bi, harafi da harafi. Haka shi ma wanda ya zare igiyar, caji yake nema ba rai ba.

Ku kwance wa ma'aikatanku hannu. Ku koya musu abin da za su duba in inji ya ƙi, da Hausa, da hoto, a manne a bango kusa da hotonka. Ku cire barazanar yankan albashi a kan wanda ya leƙa bayan akwati. Ku sa musu wurin cajin waya a sarari, tunda kun ga abin da rufewar ta haifar.

Ku buɗe wata ƙofa. In inji ya ƙi a Bukkuyum, Gummi ta iya bugawa, Anka ta iya bugawa. In duk sun ƙi, a karɓi rubutun hannun ma'aikaciyar jinya da hatiminta, a cike tambari daga baya. Kafin kwamfuta ta zo ƙasar nan ana tura marasa lafiya asibiti.

Kuma ku bi sunayen da suka zubo a ƙasa ranar nan, gida-gida. Wataƙila a cikinsu akwai wanda har yanzu yake kwance yana jiran gobe. In ba ku da mai kai ku, ni zan kai ku, na san hanyoyin, kuma ba zan karɓi ko kwabo ba.

Ina roƙon Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka mashawarta masu faɗa maka gaskiya, Ya sa shirin nan ya zama abin da kuka faɗa a lasifika. Allah Ya raba ka da tsayawa gaban likita ba ka da amsa. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya jiƙan duk waɗanda suka tafi suna jira.

Amma ba na son a kira ni gefe a ba ni haƙuri, ba na son ambulan ɗin kuɗi, ba na son a aiko wani ya dafa mini kafaɗa. A bainar jama'a kuka yi alkawari, da lasifika, Inna na tsaye a rana tana ji. A bainar jama'a nake son amsa. Ka shiga rediyo, ko ka zo ƙofar ɗakin nan ranar kasuwa, ka yi magana da Hausar da tsofaffi za su gane. Wa ya kafa dokar da ta hana mutum leƙa bayan tebur? Wa ya ce rubutun hannu ba ya ceton rai? Sannan ka amsa tambayar da likita ya yi mini na kasa, don taka ce ba tawa ba: me ya sa sai yanzu?

Takardun na nan a ƙarƙashin kujerar babur ɗina, cikin ledar da Inna ke naɗe katinku. Komai ya cika, har tambari. Ka faɗa mini teburin da zan kai su.

Wassalam.

Basiru ɗan Inna,
ɗan kabu-kabu, daga bayan Adabka, ƙasar Bukkuyum.